Zaman Sulhun da Aka Ɗaga

A unguwarsu cikin garin Haɗeja ba a san Malam Gwadabe da yawan wa'azi a lasifika ba. Da raba faɗa aka san shi. Shekara talatin da ɗoriya yana karantar da fiƙihu a zaurensa, amma rabin kwanakinsa a bayan babur yake yin su ko a cikin kwalekwale, yana bin ƙauyukan fadama duk inda aka samu saɓani kan gona ko burtali ko tafkin kifi. Dogo ne siriri, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, saboda haka in ana yi masa bayani sai ya karkato kai. Masu faɗa da yawa sun huce tun kafin ya buɗe baki, don kawai sun ga dattijo ya karkato yana sauraronsu.

A bazarar da abin ya faru, rigimar ruwa ce a hannunsa. Akwai wani reshe da ya ɓalle daga kogin Haɗeja ya yi gabas, wajen Kirikasamma. Yakan fara bi ta Kukar Bulama, garin manoman shinkafa, sannan ya gangara Dabar Kurciya, inda masunta suke. Garuruwan biyu tare suka shiga ruwa da lauje, wata guda cur suna saran kacala, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa. Amma da zafi ya tsananta ruwa ya ja baya, sai mutanen Kukar Bulama suka jera buhunan yashi suka tare shi don injinan ban ruwansu su samu abin zuƙa. A ƙasa kuwa tafkuna suka fara ƙafewa, kifi yana mutuwa cikin taɓo.

Bulama Shu'ibu, mai garin Kukar Bulama, ya rantse a gaban jama'arsa ba zai cire ko buhu ɗaya ba sai an yi girbi. Munzali, sarkin ruwan Dabar Kurciya, shi ma ya rantse ba zai taka ƙafa ya je roƙon abin da yake haƙƙinsu ba. Malam ya san su tun suna samari, don haka ya je wa kowanne shi kaɗai.

Bulama ya sallami mutanen da ke zaurensa, ya rage murya ya ce, "Allah gafarta Malam, na san ruwan nan ba namu ba ne mu kaɗai. Amma in na cire buhunan nan da kaina, yaran garin nan cewa za su yi Munzali ya tsorata ni. In kai ka zo ka roƙe ni a gaban mutane, sai in ce na bi maganar malamina, in yi kaffarar rantsuwata."

Munzali ma kusan haka ya faɗa. Rabin ruwan ya ishe su, amma ba daga bakinsa za a ji ba.

Malam ya sa ranar Alhamis bayan azahar, a ƙarƙashin tsamiyar da ke tsakanin garuruwan biyu. Ya san aikin ya riga ya ƙare, saura kawai ya je ya sunkuyar da kansa a idon jama'a.

Ranar Litinin aka kira shi a waya daga Abuja.

A waɗannan makonni duk wanda ya kunna rediyo labari ɗaya yake ji. Manyan ƙasashe biyu, kowacce da makaman ƙare-dangi da za su iya ƙone duniya, sun jera jiragen yaƙinsu a wani mashigin teku suna kallon juna. Har a teburin mai shayi a Haɗeja ana gardama kan wadda za ta fara harbi. Mai magana a wayar ya ce wata ƙungiya tana tara shugabannin addinai daga ko'ina don su sa baki. Babban shehin da aka zaɓa daga ƙasar nan ya kwanta rashin lafiya, su kuma sun taɓa jin Malam yana bayanin sulhu a wani taro, sun san yana jin Larabci kuma yana da fasfo. Jirgi zai tashi Laraba, kwana biyar za a yi.

Matarsa Saude tana tsince shinkafa a faifai lokacin da ya gaya mata. Ba ta ɗago ba ta ce, "Alhamis ɗin fa, Malam?"

"Zan ɗaga ta zuwa ta sama."

"Kifin ma za ka gaya masa ya jira ta sama?"

Ya ce, "Saude, in mutanen can suka saki abin da ke hannunsu, babu Kukar Bulama, babu Dabar Kurciya, babu mu."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ba ta musa ba. Amma akwai wata gaskiyar da bai faɗa ba. Shekara talatin yana shan rana a bayan babur, ba wanda ya taɓa kiran sunansa daga nesa sai yau, kuma abin ya yi masa daɗi. Ya sa aka kai babbar rigarsa mai aska wajen mai guga.

Kafin ya tafi ya aika aka kira masa Rilwanu, tsohon ɗalibinsa, magidanci mai 'ya'ya mata biyu, wanda ke kamun kifi yana kuma jan salla a masallacin Dabar Kurciya. Samarin garin suna jin maganarsa.

Malam ya ce, "Ka riƙe min yaran nan kwana takwas. Kada wanda ya je wajen buhunan nan."

Rilwanu ya ce, "In sha Allahu, Malam. Amma don Allah kada a wuce takwas ɗin. Jiya da kaina na kwashe mushen kifi kwando uku."

Birnin da aka kai su mai sanyi ne, a bakin wani tafki cike da ruwan da ba wanda ke noma da shi. Su kusan arba'in ne, masu rawani da masu hula ja da masu aski ƙwal cikin mayafi ruwan lemo. Kwana biyu aka yi ana jawabai. Kowa ya tashi ya faɗi cewa addininsa ya hana kisa, a tafa masa, ya zauna. Malam yana sauraron tafinta ta wani abu da aka maƙala masa a kunnen dama, yana ganin ba abin da wannan zai hana. Ya taɓa ganin mutane suna sara da adda alhali dukansu sun san kisa haramun ne.

A rana ta uku aka zaɓi mutum bakwai su gana da jakadun ƙasashen biyu, kowanne daban. Aka sa Malam a ciki, ya kuma gane don a ce akwai ɗan Afirka ne. Jakadan farko, mutum mai furfura da jajayen idanu na rashin barci, ya saurare su cikin ladabi, sannan ya ce ƙasarsa ba ta son yaƙi, amma ba za ta zama ta farko da za ta juya jiragenta ba, don shugabansu ba zai iya kallon mutanensa bayan haka ba. Da yamma jakada na biyu ya faɗi magana iri ɗaya, har Malam ya ɗauka tafintan ne ya maimaita.

Sai ya ɗaga hannu. Ya yi magana da Larabci, a hankali.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce ku juya saboda su. Ku juya saboda mu. Mu tsofaffi ne, ba mu da soja, ba mai cewa kun ji tsoronmu. Za mu fito gaban duniya mu roƙe ku, ku duka biyun, a lokaci ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, ba tare da mun ce wane ne mai laifi ba. Kunyar mu za mu ɗauka. Ku kuma kowa ya gaya wa mutanensa cewa ya ji roƙon dattawa."

Jakadan ya dube shi ya daɗe. Wani tsohon limamin Kirista da ke kusa da Malam ya zaro alƙalami ya fara rubutu a bayan takardar jawabinsa.

Daga nan aiki ya canja. Aka yi ta kai takarda ana dawo da ita, wannan ɓangaren ya cire kalma, wancan ya mayar. Masu shirya taron suka roƙi mutum bakwai ɗin su ƙara kwana goma. Malam yana iya cewa a'a. Shawarar ta riga ta fita daga bakinsa, akwai waɗanda suka fi shi iya rubutu, kuma tikitinsa yana aljihu. Amma tsohon limamin nan ya riƙe hannunsa ya ce ba za su gama ba sai da shi, manyan mutane kuma sun fara miƙewa in ya shigo ɗaki. Ya ce zai zauna.

Ya kira gida ya sake ɗaga zaman. Ya kira Bulama Shu'ibu ya roƙe shi a waya.

Bulama ya ce, "Malam, roƙon waya wa ya gani? Cewa za a yi ƙarya nake yi."

"To na'ibina zai zo a madadina."

"Na'ibinka a garinmu ya yi aure. Kana jin Munzali zai zauna a gabansa?"

Rilwanu ya kira sau biyu a ranar Talatar mako na biyu. Duka biyun Malam yana cikin ɗakin tattaunawa, ya ga sunan a fuskar waya, ya kife ta a kan tebur da niyyar zai kira in an fito. Da aka fito aka ja shi ɗaukar hoto.

Ranar Laraba aka karanta roƙon a gaban na'urorin ɗaukar hoto, su arba'in a tsaye. Jaridun ƙasashen biyu suka buga shi a shafin farko. Ranar Juma'a da safe aka ba da labarin jiragen sun fara ja da baya, kowane shugaba yana cewa ya girmama kiran malaman addini. Ko roƙon ne ya juya su, ko kuwa dama sun gaji suna neman ƙofa, Malam bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa. A zauren otal ɗin tsofaffi suna rungumar juna suna kuka. A nan wayarsa ta yi ƙara, Saude ce.

Ta ce, "Tun Laraba nake riƙe da maganar, an ce kada a tayar maka da hankali kana babban aiki. Rilwanu ya rasu."

Ya juya wayar zuwa kunnen da ke ji, ko da yake a can take dama.

Ta ba shi labarin ba tare da kuka ba. Laraba da hantsi samarin Dabar Kurciya suka ɗauki kwalekwale shida suka nufi buhunan. Rilwanu ya bi su a guje ta gaɓa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya riga su isa, ya shiga ruwa ya tsaya a tsakaninsu da manoman da suka fito da fartanyoyi, hannayensa a sama. Ba wanda ya san daga wane ɓangare dukan ya zo. Ya cika a cikin adaidaita-sahu kafin a shiga Haɗeja. An ƙona injinan ban ruwa tara, an kama mutum goma sha ɗaya, har da ɗan Bulama.

Malam ya zauna a kan wata kujera. Tsohon limamin Kiristan ya zo da fara'a, ya ga fuskarsa, ya tambaye shi lafiya. Malam ya nemi Larabcin da zai faɗa masa ya rasa. Ya ce kansa ne ke ciwo.

Da ya dawo, tun daga shigowa gari ya ga ƙyalle an rataya da hotonsa, an rubuta ɗan Haɗeja da ya ceci duniya. Sunansa ne na talatin da ɗaya a takardar roƙon, kuma ba a rubuta shi daidai ba, amma a gida labarin ya kumbura har ana cewa shi ya kama hannun shugabannin biyu ya haɗa. Aka kai shi wani zauren taro, aka yi jawabai, aka miƙa masa allon yabo mai gilashi. Ba wanda ya ambaci Dabar Kurciya. Shi ma da aka ba shi lasifika bai ambata ba. Ya yi godiya, ya yi addu'a, ya zauna, yana jin ƙyamar muryarsa.

Washegari da sassafe ya hau babur. Warin ruɓaɓɓen kifi ne ya tare shi tun kafin ya ga rumfunan garin. An riga an yi sadakar bakwai, tabarmin zaman makoki ma an naɗe. Munzali yana zaune a gindin bango yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya miƙe ya gaishe shi yadda ya kamata, ya yi masa barka da hanya. Ya nuna masa gidan su Rilwanu da hannu.

Yakaka, mahaifiyar Rilwanu, tana zaune a ƙofar ɗakinta, jikokinta biyu a jikinta. Tsohuwa ce ƙarama, idonta ɗaya ya yi fari. Malam ya durƙusa daga nesa ya yi mata ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo. Ta shafa.

Sannan ta ce, "Malam, mun ji ka a rediyo. An ce ka hana Turawa kashe juna."

Ya sunkuyar da kai.

"Madalla. Su ma 'ya'yan wasu ne. Ni dai tambaya ɗaya nake da ita. Ranar Talata da yamma ya zauna a nan inda kake, ya kira ka sau biyu ina kallo. Ya ce min, Iya, Malam zai kira, ba ya ƙin kira. Ya sa wayar a aljihun gaba don kada ta yi ƙara bai ji ba. Da ita aka kawo min shi. To ka gani ne, ko ba ka gani ba?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi. Wayar ƙasar waje, rashin sabis, kunnen da ba ya ji. Ya ce, "Na gani, Iya."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin abin da ta riga ta sani. "Ka kyauta da ka faɗi gaskiya. Shi ka ce ya riƙe maka yaran nan kwana takwas. Ya riƙe goma sha biyar. Tashi ka je, Malam, rana tana yi. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ka bar ni tukuna."

Daga nan ya wuce Kukar Bulama. Bulama Shu'ibu ya rame, ɗansa yana tsare ana jiran shari'a. Ya karɓe shi a zaure, amma wannan karon bai sallami kowa ba. Malam ya cire hularsa a gaban mutane, ya roƙe shi ya buɗe ruwan don girman Allah.

Bulama ya yi wata gajeriyar dariya. "'Yan sanda sun cire buhunan tun shekaranjiya, Malam. Ba injin da zai ja ruwan. Je ka duba shinkafar."

Ya je ya duba. Ta fara fitar da kai ta bushe a tsaye, fari fat, daga bakin gari har inda ido ya tsaya. Ruwan yana wucewa ta gefenta zuwa tafkunan da babu sauran kifi a ciki.

Bayan wannan bai daina karantarwa ba, amma ƙauyukan fadama suka rage aiko masa. In an samu saɓani sai a tafi ofishin 'yan sanda. Ba wanda ya zage shi. A cikin gari ma girmansa ƙaruwa ya yi, ana gayyatarsa buɗe taro, ana kiransa Shehi. 'Yan jarida suka yi ta zuwa. Ya gaya wa ɗaya daga cikinsu labarin Rilwanu tun daga farko, mutumin ya saurara da tausayi, ya ce zai gani ko akwai fili. Da aka sa hirar, minti uku ce, duk a kan jiragen ruwa.

Mutanen Dabar Kurciya suka daina zuwa Juma'a a Kukar Bulama, inda kakanninsu suka yi ta salla. Sai su yi tafiyar awa guda zuwa wani gari. Matar Rilwanu ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da ƙaramar 'yar, aka bar wa Yakaka babbar. Shari'ar kuwa aka yi ta ɗagawa, don ba wanda ya yarda ya ga hannun da ya yi dukan.

Wata ranar kasuwa, bayan shekara ta zagayo, gab da faɗuwar damina, Saude ta ce ya biya ya sayo mata busasshen kifi. A bakin kasuwar kifi ya ga wata babbar mota an ɗora mata kwalekwale uku, da tabarmi da tukwane da mata da yara a sama. Munzali yana ƙasa yana ɗaure igiya.

Malam ya ƙarasa ya yi sallama. "Sarkin ruwa, ina zuwa haka?"

"Tafkin Chadi, Allah gafarta Shehi. Gida bakwai ne muka tashi. An ce can da sauran kifi."

"Can ɗin ai ba lafiya."

"Mun sani."

"Ruwa ya kusa dawowa, Munzali. In kun ƙara haƙuri, zan sake tara ku, ni da kaina zan…"

Munzali ya ja igiyar ya ƙulle ta, ya goge hannunsa a riga. Ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Shehi, a sa mu a addu'a dai."

Malam ya ɗaga hannu ya fara. Bai kai rabi ba direba ya tayar da mota, Munzali ya shafa, ya kama ƙarfe ya haye. A can sama, tsakanin buhuna, Malam ya hango Yakaka da jikarta, ta ja mayafi ta rufe wa yarinyar kai saboda rana. Ko ta gan shi, ko ba ta gan shi ba, ba ta juyo ba.

Ya tsaya har motar ta sha kwana. Wani mai kifi ya gane shi, ya taso da murna yana kiran maƙwabtansa su zo su ga malamin da ya hana yaƙin duniya, ya cika leda da kifi ya ce wallahi ba zai karɓi ko sisi ba. Mutane suka kewaye shi suna miƙo hannu. Malam ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi ledar, ya nemi adaidaita-sahu ya koma gida.